Shirun da Aaron Ya Ɓata

Dokta Hammanjoda da kansa ya kira ni, wata Talata a watan Maris na 2017, ina tsakiyar wanki a gidan yayata a Sabon Layi, cikin garin Mubi.

"Selina, ƙarshen zangon nan zan ajiye aiki, idanuna sun ƙi. Sashe zai ɗauki mataimakin malami guda ɗaya ya riƙe ajin shirya fim, na kuma ba da sunanki. Intabiyu nan da mako uku. Ki zo da takardunki, ki zo da fim ɗin da kika yi da hannunki."

"Dokta, wane fim kuma? Ai ka san abin da ya faru."

"Na sani. Amma shugaban sashe, Farfesa Gabdo, ya ce ba zai ɗauki mai koyar da fim ba sai ya ga fim. Ko ni ne a kujerarsa haka zan ce."

Ya kashe waya ya bar ni tsaye da kumfa a hannu. Tun ina aji biyu a jami'a babu abin da nake so a duniya kamar in tsaya wurin da mutumin nan yake tsayawa, gaban allon nan mai tsagewa a gefe, in koya wa wasu abin da ya koya mana. Ga aikin ya zo har gida, ni kuwa ba ni da abin nunawa.

Na taɓa yin fim. Labarin wani tela ne mai jiran wasiƙar ɗansa, na rubuta shi a shekarata ta ƙarshe, muka ɗauka mu biyar a farkon damunar 2014. Ni ce mai ba da umarni, ni ce kuma mai riƙe rakoda saboda ba mu da yawa. Mai kyamara Aaron ne, wani dogon saurayi ɗan Gude, can kusa da Mubi, wanda tun da aka haife shi bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Duk hotunan suna cikin kwamfutar sashe lokacin da 'yan bindiga suka shigo Mubi a ƙarshen Oktoba. Da muka dawo bayan watanni, teburin kawai muka tarar.

Abin da ya tsira ƙaramar rakoda ce, don tana cikin jakata ranar da muka gudu. Maganganun 'yan wasa ma na riga na juye su a kwamfuta na goge. Shiru kaɗai ya rage a cikinta.

Dokta yana da wata ƙa'ida da duk wanda ya bi ta ajinsa ba zai manta ba. Duk inda aka gama ɗaukar fitowa, kafin a naɗe waya ko a ɗaga kyamara, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Shirun wuri, minti ɗaya!" Kowa ya daskare inda yake, mai rakoda ya ɗauki wurin babu magana. Yakan ce kowane ɗaki da kowane lungu yana da irin nasa numfashin, kuma in ka zo haɗa fim, da wannan numfashin za ka cike tsakanin magana da magana, in ba haka ba kunnen mai kallo zai riƙa faɗawa rami. Sharaɗin ɗaya ne: shirun ya fita tas. Wanda aka ɓata da tari ko dariya, a goge shi nan take a sake.

Aaron kuwa kamar an aiko shi ne don ya ɓata.

"Kai ɗan Gude, tsutsa ce a wandonka?" Dokta yakan ce.

"Sa, wallahi ba ni ba ne, cikina ne ya yi magana."

"To ka gaya wa cikinka darasin nan maki uku ne."

Sai a sake, Dokta ya juyo gare ni: "Selina, goge wancan." In ce to, in danna wani maɓalli daban. Ban taɓa gogewa ba. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, ko kuma na sani ina ɓoye wa kaina.

Ranar da gari ya watse, ni da yayata muka bi jama'a ta cikin gonaki muka hau duwatsu. Aaron ya kira ni sau ɗaya, yana haki, ya ce zai koma Gude ya ɗauko mamarsa, mu haɗu a Yola. Mamar ta iso Yola cikin motar maƙwabta. Shi har yau ba mu haɗu ba, ba kuma wanda ya ce ya ga gawarsa.

Shekara biyu da rabi rakodar tana ƙasan akwatina, naɗe cikin ɗankwalin mamata na zumuntar matan coci. Washegarin kiran Dokta da safe na saya wa rakodar batir, na zauna bakin gado na sa abin sauraro a kunne. Sai ga shagon telan nan ya dawo mini gaba ɗaya: fanka tana juyawa da 'yar ƙararta, injin markaɗe daga can nesa, wata tunkiya tana kiran ɗanta. A daƙiƙa ta ashirin wani ya fashe da dariya. Na cire abin kunnen na jefar a kan katifa, na yi kukan da ban yi ba a Yola.

Da na huce na saurari sauran. Guda shida ne. Kafin in kai ƙarshe na san abin da zan yi, na kuma ji tsoronsa, domin Dokta yana cikin masu intabiyun, zai ji da kunnensa cewa ɗalibar da ya tsaya wa ta yi wata guda tana yi masa ƙarya. Ga shi kuma zan ɗauki muryar da ni kaɗai nake da ita in kunna wa baƙi.

Na ari kyamarar da sashe ya saya sabuwa, na bi wuraren shida ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri na kafa ta daidai inda Aaron ya kafa tasa, na ɗauki minti ɗaya ba tare da na motsa ta ba. Shagon tela ya zama wurin cajin waya. Gidan da muka ara a Gude babu rufi, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Bakin rafin Mayo Bani ne kawai bai canza ba, sai dai rani ne, yashi ya fi ruwa yawa. Na ɗora tsohon sauti a kan sabon hoto, ban ƙara kiɗa ba, ban ƙara rubutu ba.

Ranar intabiyu su uku ne a ofishin shugaban sashe: Farfesa Gabdo a tsakiya, Dokta a gefe da baƙin tabarau, sai Madam Liyatu daga ofishin rajista tana rubutu. Farfesa ya juya takarduna ya ce, "Minti shida? Su waye 'yan wasan?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Babu 'yan wasa. To 'yata, mu fim mai labari muke koyarwa a nan, ba hoton bango ba. Ina labarin?"

"Sa, a bari in kunna."

Shagon caji ya bayyana, amma fanka da tunkiyar 2014 ake ji, sannan dariyar. Na ga Dokta ya ɗago kai. A na biyu, ƙofar wani coci a rufe, ga tattabaru suna kuka, ga wani yana ɓare gyaɗa a hankali, yana zaton rakoda ba ta ji. Madam Liyatu ta ajiye biro. A na uku aka ji raɗar Aaron kusa da makirufo, yana kirana da sunan tsokanar da ya sa mini: "Madam Kunne, kina jin zuciyata a ciki? Ƙara murya." A na huɗu muryata ce, ina ƙoƙarin haɗe rai dariya tana ƙwace mini: "Aaron, don Allah ka bari, za ka sa a kayar da ni." A na biyar, cikin gidan nan marar rufi, zakara ya yi cara, sai raɗar ta dawo: "Gidanmu na bayan nan. Mama ta dafa miyar yakuwa, ta ce in kawo ki. Selina, za ki aure ni ko sai na ɓata na gobe ma?" Sai ni: "In ka iya yin shiru minti ɗaya cur, zan ba ka amsa."

Na shida bakin rafi ne. A hoto yashi ne fari, a kunne kuwa ruwan damuna yana gudu, kwaɗi, iska cikin ganyen masara, can ƙetare wata mata tana kiran wani da Fulatanci. Ba dariya, ba gyaɗa. Sai numfashin mutum ɗaya kusa da makirufo, yana shiga yana fita da ƙyar, kamar wanda ya ɗauki buhu. Daƙiƙa sittin cif. Sannan muryar Dokta daga nesa, yana tsayar da ɗauka: "Kat. Yau ɗan Gude ya shiryu." Hoton ya ɗauke.

Farfesa yana kallon baƙin allon kwamfuta kamar akwai saura. Can ya juyo.

"To me ta ce masa?"

Dokta ya yi wata 'yar dariya, ya cire tabarau yana goge ido da bakin hula. "Farfesa, kai da ka ce babu labari."

"A'a, tsaya tukuna. Yarinyar nan ta yi alkawari, yaro ya cika nasa. Me ta ce?"

"Ranka ya daɗe, na riga na kashe rakoda," na ce. "Dokta ya ce kat."

Madam Liyatu ta dube ni irin duban da mata ke yi wa juna a coci ranar jana'iza. Farfesa ya daɗe yana tattara takarduna, sannan ya ce in jira a waje.

Dokta ne ya fito ya same ni a baranda, yana lalube da sanda.

"Sau biyar na ce ki goge."

"Ka ce, Dokta. Ka yafe mini."

"Da kin ji maganata da yau ba ki da aiki." Ya gyara riƙon sandarsa. "Litinin ƙarfe takwas. Allon nan har yanzu a tsage yake, kada ki jingina da shi."

Amsar da na ba Aaron tana nan inda na ba shi ita, a bakin rafi, bayan sauran sun yi gaba da kaya. Mamarsa kaɗai na taɓa gaya wa, a Yola, ta riƙe hannuna ta kira ni da sunan da ake kiran matar ɗa da yarensu.

Ranar Litinin ɗalibai goma sha ɗaya na tarar. Na fitar da su ƙarƙashin dalbejiyar bayan sashe, na nuna musu yadda ake riƙe makirufo, muka ɗauki 'yar gajeriyar fitowa. Da muka gama suka fara naɗe waya, sai na ji hannuna ya ɗaga da kansa.

"Shirun wuri, minti ɗaya."

Suka daskare. Ba a kai rabi ba wata Nafisatu ta dubi ƙawarta, dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da mayafi.

"Yi haƙuri, Malama. A goge?"

"Za mu sake," na ce. "Wannan kuma ki sa masa suna da kwanan wata, ki ajiye."