Gwaggo Hure Ta Koma Gefe

Malam Inuwa na Gafasa bai taɓa kama sunan Juwairiyya ba, balle ya kira wayarta. 'Yarsa ce ta fari, shi kuwa mutum ne mai riƙon alkunya. In yana son jin lafiyarta sai ya kira ƙanwarsa Hure a Gaya, ita ta kira yarinyar a Kano ta dawo masa da amsa.

Tun da ya ji a wani ɗaki mai sanyi kamar firij yarinyar take aiki, tana kula da manyan kwamfutocin da ake kira saba, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Tun tana ƙarama sanyi ke kama mata ƙirji.

Ranar kasuwar Ajingi ya raɓe a gindin wani shago inda sabis ke da ƙarfi, ya kira Hure ta bidiyo.

"Kin ji yarinyar nan kuwa? An ce tana tari."

"Wace yarinyar, Yaya? Yara sun cika gari."

"Hure, bar shaƙiyanci. Ta wajen injinan nan."

"Au, mai saba? Ai ta yi min bayani. Wai in ka kira mutum, sabar ce ke nemo shi, ta ce wane ga wane, ta haɗa su fuska da fuska, sai ta koma gefe. Na ce ashe ni ce sabar gidanmu, sai dai ni ba a saka min na'urar sanyi ba."

"To tambayo min ita."

"Yau kam irin aikin injin zan yi."

Ta danna wani abu. Allon wayar ya rabu biyu, sai ga Juwairiyya cikin rigar sanyi, korayen fitilu na ƙiftawa a bayanta. Hure ta ɗaga hannu, ta ɓace.

"Baba, ina wuni?"

Malam Inuwa ya kawar da kai yana kallon buhunan gyaɗa. Amma ta wutsiyar ido ya ga kumatun nan sun ciko. Ya kasa kunne, bai ji tari ba.

"Lafiya lau," ya ce wa buhunan. "A gaya wa mai aikin nan ta riƙa sa safa."

"Za a gaya mata, Baba," ta ce tana danne dariya.

Ya daɗe yana laluben wurin kashewa, alhali ya san shi sarai.