Ƙodar Tsoho Stoltz

Vernon Pruitt ya tura ƙofar shagon wanki da guga, tururi ya buge shi a fuska. Sati uku ke nan yana bin sawun matar da ke guga a shagon nan a lungunan Cleveland. Da ɗan sanda ne. Tun da aka sallame shi ya koma bincike na haya, yana nemo wa mutane waɗanda suka ɓace musu.

"Ke ce Noreen Stoltz?"

Ba ta ɗaga kai daga rigar da take gogewa ba. "Na yar da sunan nan shekara ashirin da biyu. Wa ya turo ka?"

"Mahaifinki. Yana asibiti, yana so ya nemi gafararki."

Ta dangwarar da dutsen gugar. "Ya gaya maka ciwon da yake yi? Ƙoda ce. Bara ya sa aka kira gwaggona ana tambayar irin jinina. Mutumin da ya watsa ni da uwata kan titi ana tsala ƙanƙara, yau ya tuna yana da 'ya. Fita, karen farauta, ka tare wa masu kaya hanya."

Da azahar Pruitt ya shiga ɗakin Harlan Stoltz a hawa na shida na asibitin. Tsohon na kwance, fuska a kumbure, na'urar wankin jini na ƙugi a gefensa.

"Ina take?" in ji tsohon.

"Ba za ta zo ba. Ka ce min gafara kake nema."

"Ban ɗauke ka don ka yi min wa'azi ba. Da kai mutumin kirki ne, da ba a kore ka daga aiki ba." Ya miƙo wata takarda. "Akwai wani a Toledo, Dale, ɗan da na haifa da wata da na taɓa ajiyewa. Bai taɓa ganina ba. Ka ce masa gado ne, zai zo da gudu."

Pruitt ya karɓa. Ya sauka, ya zauna cikin motarsa, ya buga waya sau huɗu har ya samo garejin da Dale yake kanikanci.

"Saurara, ba ka san ni ba," in ji Pruitt. "Wani tsoho, Harlan Stoltz, zai aiko maka da zancen gado. Ƙarya ce. Ƙodarka yake so. Kada ka yarda."

Ana jin ƙarar guduma daga nesa ta cikin wayar.

"Stoltz?" Muryar Dale ta yi ƙasa. "Uwata ta ce min ya mutu tun ina goye. Yana da rai?"

"Ka ji abin da na ce kuwa? Mugu ne."

"Na ji ka. Wane asibiti yake?"

Pruitt ya daɗe yana kallon tagogin hawa na shida. Sannan ya faɗa masa sunan asibitin, ya ƙara da lambar ɗakin.