Jar Rama a Ƙarƙashin Raga

A gidanmu na unguwar Nakkasa rama ba ta da mai hana ta tsawo. Umma tana shuka ta a gwangwanayen man girki a saman rufi, ta tashi har ta wuce kan yayana Bandar, kuma ba wanda ya taɓa tambayar mece ce. Duk layin Hausawa ne, kowa ya san rama. In la'asar ta yi sai matan maƙwabta su hau da kwanukansu, ana tsinka ana gulma, ana hango hasumiyoyin Harami can ƙasa. Har yau ina kewar rufin nan, ba na ɓoyewa.

Da aka rushe unguwar muka koma unguwar Shisha ni da Umma, muka kama haya a hawa na uku na wani bene. Abin da muka samu a madadin rufi shi ne balakona, 'yar barandar da in mutum biyu suka tsaya sai ɗaya ya karkace. Mai gidan kuma, wanda fuskarsa ba ta san dariya ba, ya ce kada komai ya leƙo sama da katangarta.

Da wata ce da ta haƙura, amma ba Umma ba. Ta zaro igiyoyin da marigayi Baba ya bari tun yana dakon kayan alhazai a Mina, ta saƙa raga, ta ɗaure ta daidai bakin katanga. Dabararta ita ce, duk ramar da ta kai ragar sai ta lanƙwasa mata kai ta tura shi ƙarƙashin igiya, ta ci gaba da girma a kwance.

Sai dai ba kowace rama ke yarda da haka ba. Iri biyu gare ta a ƙulle cikin tsumma. Akwai fara mai faɗin ganye, wadda ko gobe za a samu wajen masu zuwa Umara. Akwai kuma ja mai ganye rabe-rabe kamar yatsun hannu, wadda kakarmu ta taho da ita daga Bichi, aka yi ta juya irin a kan rufin nan shekara da shekaru. Da farar ta fara, don ba ta son yin kasada da jar. Ashe farar taurin kai gare ta, ana lanƙwasawa sai ta karye. Umma ta kwance ƙullin jar, ta tarar ɗan kaɗan ya rage, ya kuma tsufa, sai ta shuka shi duka. Waɗanda suka tsiro suka bi ragar salin-alin har suka cika balakonar. Tun da muka baro Nakkasa ban ga Umma tana dariya haka ba.

Wata Juma'a Bandar ya zo gaishe ta. Direba ne a wani kamfani, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, kuma lokacin sabunta iƙamarsa, takardar izinin zama, ya matso. Yana leƙa balakonar fuskarsa ta canja. Ya ce mijin Abir, maƙwabciyarmu ta hawa na huɗu, ya tare shi a matakala yana tambayar me muke nomawa. Sai ya nuna min hoto a wayarsa: masu noman wiwi ne a wata ƙasa, sun shimfiɗa raga sun kwantar da shukarsu. Ganyen nan, ragar nan, wallahi kamar a gidanmu aka ɗauka.

Na hau shi da faɗa. Na ce yaron da aka yaye da kwaɗon rama shi ne yau yake tsoron ganyenta? Ya ce shi ya sani, amma 'yan sandan da za su ƙwanƙwasa ƙofa ba su sani ba, kuma kafin su gane, sunansa ya riga ya shiga takardunsu, aiki da iƙama sun tafi. Na ce a kai wa Abir kwano guda ta ci ta gani. Ya ce ai ba Abir kaɗai ke da taga ba.

Sai Umma ta ce, "Fure ta fara, Bandar. Bar ta ta yi 'ya'ya in ɗebi iri, sai in cire."

"Ya Ummi, mushkila ce babba," in ji shi da Larabci. "In suka zo ba za su jira iri ba."

Sai ta ce in miƙo mata wuƙa. Na ƙi, ta tashi ta ɗauko da kanta. Ta yanke ramar tun daga gindi, har da furannin da ba su gama buɗewa ba, ni ina tsaye ina haɗiyar haushi. Ta tsinke ganyen tas, ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono.

Bandar ya ce shi ya ƙoshi, amma ya zauna. Loma ɗaya ya kai, tsamin ya kama shi, idonsa ya yi ja. Bai sake ɗago kai ba sai da ya suɗe kwanon. Sannan ya dube ta, da Hausa wannan karon, ya ce, "Umma, akwai sauran irin a ajiye, ko?"

Ta tura masa nata kwanon da ko taɓawa ba ta yi ba.

"Cinye," ta ce. "Ita ke nan."