Inda Aka Haifi Malam Na-Teku

Shekarar Malam Mu'azu saba'in da ɗaya a duniya, yana zaune a Aujara, garin da ruwansa mafi faɗi kududdufin bayan kasuwa ne, amma ba wanda ya san shi da wani suna sai Malam Na-Teku. Iyayensa sun tafi Makka a ƙafa ta Sudan, naƙuda ta kama mahaifiyarsa a cikin jirgin ruwa, aka haife shi a tsakiyar Bahar Maliya. Haka ya ji, haka yake faɗa. Mutanen gari kuwa suka ƙara da nasu: wanda ya faɗo duniya a hanyar Makka, a inda ba ƙasar kowa ba, addu'arsa ba ta da nisan tafiya. Shi ya sa ba bikin sunan da ake yi ba shi.

Da 'yarsa Nuriyya ta biya masa kujerar Hajji, sai aka ce ba fasfo sai da katin ɗan ƙasa, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu. Ranar Talata ya sa babbar riga ya shiga motar Dutse.

Ma'aikacin rajista, wani mai suna Ni'imatullahi, ya tambaye shi suna da sana'a, yana bugawa a kwamfuta da yatsa biyu.

"Baba, a ina aka haife ka?"

"A teku."

"Wace ƙaramar hukuma ke nan?"

Malam ya yi masa bayani tun daga fitar iyayensa daga gida har zuwa gaɓar Sawakin a Sudan. Ni'imatullahi ya saurara da ladabi, sannan ya juyo masa da fuskar kwamfutar. Ga jerin ƙasashen duniya, ga jihohi, ga ƙananan hukumomi. Ya gangara har ƙasa ya dawo sama. Babu teku.

"To shi wanda ya haɗa na'urar bai san da ruwa ba ne?" in ji Malam.

"Ya sani, Baba. Bai dai zaci ana haihuwa a ciki ba. Mu sa Jahun, ƙaramar hukumarku mana, kowa haka yake yi. Sai ka kawo takardar rantsuwa daga kotu, wani wanda ya girme ka ya rantse a can aka haife ka."

"Ya rantse a kan abin da bai faru ba?"

"To, ai rantsuwar ofis ce."

Malam bai taɓa jin cewa rantsuwa iri biyu ce ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

A unguwar Yalwawa, nan cikin Dutse, ɗan yayarsa Fa'izu yake zaune, lauya ne, kuma a gidansa mahaifiyar tasa, Yaya Fatsuma, take tun da ƙafa ta fara ba ta wahala. Fa'izu ya ji matsalar kawunsa, fuskarsa ta yi haske irin na wanda aka tambaya abin da ya karanta shekara ashirin ba wanda ya taɓa nema.

"Kawu, abin mai sauƙi ne. Teku kashi-kashi ne. Daga bakin gaɓa zuwa mil goma sha biyu, ruwan na ƙasar da ke gefensa ne. Can ciki sosai kuma ba na kowa ba ne."

"Wa ya auna?"

"Ƙasashen duniya suka zauna suka yarda."

"Da me suka yi alama? Ruwan da ka auna yau gobe yana wani wuri."

"Ba ruwan ake aunawa ba, Kawu, wurin ake aunawa."

Shi Malam iyakar gona ya sani, ana dasa ceɗiya ko a jera duwatsu, kuma duk da haka ana kai juna gaban alƙali.

"To ni a wanda ba na kowa ba aka haife ni. Ni ɗan ina ne?"

"Kai ɗan Nijeriya ne, ta wajen iyayenka. Amma wurin haihuwa, in can ciki ne, sai a duba tutar jirgin. Jirgi kamar yankin ƙasar da ya ɗaga tutarta ne."

"Wato ƙasa tana tafiya a kan ruwa."

"A doka, kusan haka."

"Kuma ruwa yana tsaye wuri guda."

"A doka."

Malam ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce a kira masa Yaya Fatsuma, ita ce ta ga tutar, tunda shekararta tara a lokacin.

Aka fito da ita tana dogara bango. Fa'izu ya faɗa mata cewa gobe za a kai ta kotu ta rantse a kan inda aka haifi ƙaninta, don haka ta tuno kalar tutar jirgin.

"Wace tuta? Zanin wata Babarbariya ne aka shanya a jikin sandar jirgin."

"To kwana nawa kuka yi a kan ruwa kafin a haife shi?"

Ta dubi ɗanta, ta dubi ƙaninta. "Rantsuwa ka ce? Da Alƙur'ani?"

"Da shi, Inna."

"To ba mu tashi ba tukuna."

Malam ya gyara zama. "Yaya, a cikin jirgi aka haife ni."

"A cikin jirgi, ba shakka. Ni na riƙe fitilar. Amma jirgin a kan taɓo yake. An loda mu a wani lungu nesa da gari don ba mu da takardu, ruwa ya janye ya bar mu a zaune, matuƙin ya ce sai ya dawo. Har na sauka na wanke tsummokaran a wani ɗan gurbi, ruwan bai kai min idon sawu ba."

"Shekara saba'in ba ki faɗa ba."

"Wa ya tambaye ni da Alƙur'ani? Baba ya ce a teku, kowa ya ji daɗi. Kai ma ka ci naman suna da shi."

Malam ya juya wajen Fa'izu kamar mai neman a ɗaukaka ƙara. "Wurin da ruwa yake zuwa ya koma, teku ne ko tudu?"

"Daga inda ruwa ya tsaya in ya janye ake fara lissafin teku. Abin da ke bayansa ƙasa ce. Kawu, a Sudan aka haife ka. Kuma Sudan tana cikin kwamfuta."

"Da na jinkirta awa biyu fa?"

"Da ruwa ya ɗaga ku. Amma har yanzu ruwan Sudan ne."

"To yaushe zan zama na teku?"

"Sai dai da ka yi haƙuri kamar rabin yini."

Ranar Laraba Yaya Fatsuma ta rantse a kotu, ta ƙara da bayanin taɓon da ba wanda ya nema. Ranar Alhamis Ni'imatullahi ya danna Sudan, na'urar ta karɓa nan take. Aka ɗauki hoton Malam, aka ce kada ya yi murmushi, abin da dama bai yi niyya ba. Takardunsa suka shiga da saura kwana ɗaya.

A ƙofar ofishin, shi da Yaya Fatsuma da Fa'izu suna jiran adaidaita sahu, ya sunkuya kusa da kunnen yayarsa.

"Yaya, wannan maganar ba sai ta je Aujara ba."

"Af. Ai jiya da Lauratu ta bugo tana tambayar ƙafata na ba ta labari."

Lauratu kuwa ita ce mai kitson garin.

Malam ya riƙe takardar da hannu biyu yana kallon rubutun bokon da ba ya iya karantawa. Wani mutumin Aujara da ke wucewa a babur ya rage gudu ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Malam Na-Teku, an gama lafiya?"

Malam ya buɗe baki, ya dubi Fa'izu ko doka ta yarda ya amsa. Fa'izu yana waya. Kafin ya yanke shawara, mai babur ɗin ya yi nisa.