Goshi Ba Ta Waiwayo Ba

Malam Badamasi Sajo mutum ne da in ka ce masa sannu, sai ya tsaya ya duba ko akwai wata kalma mafi tsawo da zai mayar maka da ita. Turanci yake koyarwa a wata sakandare a Kabo, kuma tun daga shugaban makaranta har mai awarar bakin ƙofa, Ƙamus suke ce masa in ya ba da baya. Ya san da sunan sarai. Bai taɓa nuna ɓacin rai ba, don shi a wurinsa yabo ne.

Abin da yake nema bana ba ɓoyayye ba ne. Wata jami'a ta buɗe gurbin digiri na biyu ga malaman makaranta, da tallafi da hutun karatu, amma sai ka ci jarrabawar Turanci: kashi ɗaya sanin kalmomi, kashi ɗaya karanta rubutu a amsa tambayoyi a kansa. An kuma ƙayyade shekaru, shi kuwa Badamasi bana ce ta ƙarshe gare shi. In ta wuce shi, to shi da allo da alli sai ritaya.

Saboda haka gidansa ya koma sansanin kalmomi. Matarsa Zinnira, wadda ba ta nemi wannan aiki ba, ita aka ɗora wa tambaya. Tana tsintar shinkafa da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da wayarsa, ta karanto kalma da ƙyar, shi kuma ya ba da ma'ana yana kai da komo a tsakar gida.

"Wannan fa, mai kama da sunan maganin tari?"

"Tana nufin mutumin da ke yawan magana alhali bai ce komai ba."

"Au, ashe suna da ita su ma," in ji Zinnira. "Mu nan gidan ai ba ma buƙatar kalma, muna da mutumin."

Bai kula ta ba. Ya haddace kalmar da ake kiran mai son kuka a wurin biki, da ta mai tsoron wuri mai faɗi, da wasu da ko Turawan kansu sai sun yi rantsuwa kafin a yarda sun taɓa jin su. Bangaren karatu kuwa ko a jikinsa, don shi ne sana'arsa. Duk ɗalibin da ya ratsa ajinsa ya san dokar Malam Badamasi, yana faɗa yana buga tebur: "Abin da ke cikin rubutun, ba abin da ke cikin kanka ba! In marubuci ya ce Kabo tana bakin teku, to yau tana bakin teku, har sai an karɓi takarda."

Akwai abu ɗaya da Malam Badamasi ba ya sawa cikin hira, wato inda ya fito. Ɗan ƙauyen Jama'a ne a ƙasar Gwarzo, gidan makiyaya da suka zauna suka kama noma. Ya yi kiwo har ƙafafunsa suka yi kaushi kafin a sa shi boko, kuma tun da ya sa takalmi sau-ciki bai ƙara son a tuna masa ba. Gida yana zuwa, ba za a yi masa ƙarya ba, amma zuwan salla da ta'aziyya: a gaisa a zaure, a sha fura, ya duba agogo. Bayan gida inda turakun shanu suke, ya manta rabon da ya leƙa. Mahaifinsa, Baba Sajo, bai taɓa yi masa ƙorafi ba. Shi ma Malam yake ce masa kamar kowa, sai dai yadda yake jan kalmar ba ka iya rantsewa girmamawa ce.

Ranar jarrabawa ya shiga Kano da sassafe, aka zaunar da su a wani ɗaki mai sanyi, kowa da kwamfutarsa. Kashin kalmomi ya zo masa kamar tuwon gidansu. Har mai kama da sunan maganin tari ta fito, ya yi murmushi, ya ce a ransa Allah ya yi wa Zinnira albarka duk da bakinta.

Sai aka shiga karatu. Rubutu na farko a kan yadda ake haƙo gishiri a wata ƙasa mai nisa, ya wuce shi ba gardama. Na biyu ya buɗe, ya karanta layin farko, ya gyara zama.

A kan shanu ne. Wani masani, Bature bisa ga sunansa, ya zagaya yankunanmu ya rubuta abin da ya gano. Ya ce makiyaya suna raɗa wa shanunsu sunaye, suna kuma imani cewa saniya ta san sunanta, amma bincikensa ya nuna ba haka ba ne. Saniya, in ji shi, ba ta san suna ba, ba ta san mai ita ba. Abin da ta sani shi ne ƙarar da ke zuwa kafin abinci. Sauran duk ƙauna ce ta makiyayi, yake jingina wa dabba.

Badamasi ya matso da fuskarsa kusa da allon kwamfutar. Shi da ya yi shekaru yana binne warin garke da turare, sai ga shi zaune cikin sanyin na'ura yana jin ƙurar burtali a hancinsa. Ya tuna Goshi, farar saniya mai baƙin tabo a goshi, wadda Baba ya ba shi tun yana ƙarami. A gidansu suna ba ya mutuwa, 'ya ke gadon na uwarta: uwar Goshi ita ma Goshi ce, haka kakarta. Ya tuna ranar da ta ɓace a dajin da yanzu ya zama gonaki, Baba ya hau kan suri ya kira sau ɗaya, ta amsa daga nesa, ta taho tana kuka, babu dusa babu kanwa a hannun kowa. Wannan mutumin da ya zo da mota da hular rana, ya kwana nawa a garke da zai ce ƙarya ne?

Tambaya ta farko ta ce: bisa ga marubucin, me ke sa saniya ta zo idan an kira ta? Amsar tana nan ta biyu a jerin zaɓin, domin ta ji ƙarar kwanon abinci, a fili, ko ɗan aji ɗaya zai gan ta. Badamasi ma ya gan ta. Kada wani ya ce ruɗewa ya yi, ko Turancin ne ya fi ƙarfinsa. Ya kai hannu zai danna, sai ya ji kamar an ce ya tsaya gaban Baba ya ce masa, "Duk abin da ka yi a rayuwarka, da kwano kake magana." Ya janye hannun. Ya koma ya sake karanta rubutun, ko marubucin ya bar wata kafa da mutum zai bi ya fita da mutuncinsa. Bai bari ba. Ya sake karantawa, yana gardama da shi layi-layi a zuci, yana kawo masa hujjoji da Hausa. Agogon da ke kusurwar allo kuwa ba ruwansa da Goshi, tafiyarsa kawai yake.

Daga ƙarshe ya danna ta farko: domin ta san sunanta. Tambayoyin da suka biyo baya duk a kan wannan ginshiƙi aka gina su, shi kuma tun da ya fara, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyara wa Bature kuskurensa. Ya ji daɗi ƙwarai, daɗin da bai ji ba tun da ya fara haddar nan. Da ya ɗago, lokaci ya kusa cinyewa, ga sauran rubutu biyu ko buɗe su bai yi ba. Ya daddanna abin da hannunsa ya faɗa a kai.

Sakamako a take yake fitowa. A kalmomi ya yi abin da mai kula da ɗakin sai da ya leƙo ya ce ma sha Allahu. A karatu ya faɗi, kuma da ƙiris, irin ƙiris ɗin da ya fi faɗuwa warwas ciwo.

Bai iya komawa Kabo ya haɗa ido da Zinnira ba. Ya zarce Gwarzo, ya hau ɗan acaɓa zuwa Jama'a, ya isa bayan la'asar. Baba Sajo yana zaure yana tufka igiya. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya da damina da mutanen Kabo, sannan tsohon ya ce, "Malam, lafiya dai? Ba salla ba, kuma ban ji an yi rasuwa ba."

Badamasi ya zayyana masa komai. Yana faɗa muryarsa na ƙara ƙarfi, don a hanya ya riga ya gyara labarin ya zama na jarumta: ya rasa digiri, amma bai sayar da gidansu ba. Yana jiran tsohon ya dafa kafaɗarsa.

Baba ya ajiye igiyar. "To. Shi Baturen ya ce ba su san suna ba?"

"Haka ya ce, Baba. Wai ƙarar kwano kawai suka sani."

"Taso mu je."

Suka zaga bayan gida. Shanu ne 'yan kaɗan a sake cikin shinge, sun yi ɓul-ɓul, suna tuƙa. Can gefe ga wata fara mai baƙin tabo a goshi. Badamasi ya matsa jikin shingen. Ya cire hularsa ba tare da ya san ya cire ba, ya buɗe murya yadda ake yi a da, da jan nan mai tsawo da ya ɗauka ya manta.

"Goshiii!"

Ta kaɗa wutsiya ta kori ƙuda. Ya sake kira, har kaji suka watse. Ko kunne ba ta motsa ba.

Baba Sajo ya sunkuya ya ɗauki wani tsohon daro na ƙarfe da ake zuba dusa, babu komai a cikinsa, ya ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa. Gaba ɗaya suka juyo, suka taho suna ture juna, mai tabon a gaba.

"Wannan a kasuwar Getso na saye ta bara," in ji tsohon. "Duk na turka ne, in sun yi ƙiba a sayar a kawo wasu. Wa zai tsaya raɗa wa baƙo suna? Gidan Goshi ya ƙare tun shekarar da aka nome burtali. Ta ƙarshensu a nan ta mutu, wajen turken can. Na aika a gaya maka, aka ce kana gyaran takardun ɗalibai."

Badamasi ya tsaya da hula a hannu. Kunya ce ta rufe shi, da wani baƙin ciki da ba na digiri ba.

"Amma da can, Baba," ya ce a hankali, "da can ai suna amsawa."

"Suna amsawa mana. Wanda ke kwana da su suke amsa wa." Tsohon ya ture hancin saniyar daga cikin daron da ba komai. "Shi Baturen naka bai yi ƙarya ba, abin da ya tarar ya rubuta. Ya fi ka zuwa bayan gidan nan, shi ke nan."

Ya miƙa masa daron. "Tunda ka zo, buhun dusa na cikin rumbu. Ka ƙwanƙwasa kafin ka zuba, Malam. In ba haka ba, ba za su san ka zo ba."