Hoton Ottilie Ya Fuskanci Bango

Wata biyar Ottilie ta yi tana zauna wa Wendelin a ɗakin zanensa na birnin Dresden, tsohon shagon mahauci da har lokacin ƙarni bai bar shi ba. Da ta tashi daga masana'antar sigari sai ta wuce can, ta hau kujera, sanyi na ratsa ƙashinta, shi kuwa yana ta lafta fenti kamar mai yaɓe. Ya yi fuskarta koriya shar, leɓɓan jawur, idanun kowanne ya kama gabansa. Ranar da ta fara gani ta ce ko gawa ta fi wannan kyan gani. Ya yi dariya, ya ce shi ba fata yake zanawa ba, abin da ke ƙarƙashinta yake nema. Ya kuwa samo shi, don duk sanda ta kalli hoton sai ta ji an tona mata asiri, kuma ta ji daɗin hakan.

Ba su je coci ba, Wendelin ba ya ga maciji da limamai. Cewa ya yi hoton nan shi ne aurensu, ranar baje kolin bazara duk gari zai shaida. Ottilie da wayonta da komai ta yarda.

Ranar baje kolin ta ari hular matar mai gidan hayarsu, ta zagaye zauren sau biyu ba ta ga kanta ba. A bangon tsakiya, inda mutane suka yi cincirindo, hoton Malwine ne a rataye, 'yar rawar nan da ya ce hannayenta kawai yake zanawa. Ottilie ta matsa kusa. Girman ƙyallen da aka yi zanen a kai ɗaya da nata, ga kuma koren fentin da ta sani ya leƙo ta gefen katakon da aka kafe ƙyallen a kai. Ta san al'adar masu zanen nan: idan hoto ya fita ransu, sai su cire ƙusoshi, su juya ƙyallen, su yi sabo a bayansa. Ita da kanta ta sha riƙe masa katako yana juya na wasu.

Wendelin ya taho da kofin giya a hannu, ya ja ta gefe, ya shiga kame-kame, wai ƙyalle ya yanke masa, lokaci kuma ya ƙure.

"Haba Otti, ai kina nan. Ban goge ki ba, ko ɗigo ban taɓa ba."

"To juyo ni in gani."

Ya ce ta rufa masa asiri, ga manyan baƙi. Ba ta saurare shi ba. Ta kama hoton da hannu biyu, ta sauke shi daga ƙugiya, ta juyo shi a gaban kowa.

Tana nan kuwa, koriya, a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Da yake yanzu ita ce bayan hoto, inda ake rubuta suna da shekara, Wendelin ya bi ƙa'ida. Da baƙin fenti, da manyan haruffa, daga kunnenta zuwa kunnenta, ya rubuta: Malwine, matata, 1912.