Farar Jallabiyar Mato

"Tuɓe jallabiyar nan, ya ammi, ba ta yi ba," in ji Mujtaba, wani matashin ƙauyenmu, kamara rataye a wuyansa.

Mato ya dubi kansa daga ƙirji har ƙafa. Jallabiyar fara ce ƙal, matarsa Talatu ta goge ta da dutsen gawayi tun da safe. Ya naɗa rawani, ya sa takalmin da ba ya taɓawa sai ranar Idi.

"Mi ya same ta?"

"Ba komai. Ustaz ya ce hoton gaskiya muke so. Ina rigar da kake shiga hawasha aikin gona da ita?"

Ina bakin ƙofata ina ɗaure igiyar angarib, gadonmu na saƙa, komai a kunnena aka yi. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Mato a ƙauyenmu, kudu da garin Hajj Abdalla. Kafin yaƙi ne wannan. Wata ƙungiya ta turo Ustaz Khalid daga birnin Madani, ya buɗe warsha a ɗakin nadi, wurin taron ƙauye, yana koya wa matasa ɗaukar hoto. Ban ga laifin koyon sana'a ba, ni ma da kaina na koya wa kaina karatu. Amma na ga abin da suka ɗauka a wurinsa: su dubi mutum, su ga haske da inuwa, shi ke nan.

Mato yana da buƙatarsa. Ɗansa Zaharaddini ya daɗe a Jidda yana tuƙi, ya yi aure can, ya haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin kakansu ba. So yake a ɗauke shi hoto ɗaya, a zaune cikin kamala, a aika musu su ga gidan da suka fito.

Ustaz Khalid ya iso ya dafa kafaɗarsa. "Fuskarka ba ta da irinta a ƙauyen nan, ya hajj," ya ce da Larabci. "Mu fara da na gona. Na jallabiya yana nan tafe."

Mato bai iya ƙin baƙo ba. Ya shiga ya sake kaya.

Lokacin ban ruwan alkama ne, sanyi na shiga ƙashi. Suka kai shi ƙaramar magudanar da ke shayar da gonarsa, suka tsayar da shi cikin ruwa har gwiwa da shebur a hannu. Mutum ne mai tsohon tari, kowa ya sani. Na bi su na tsaya a kan gaɓa. Kamara tana yawo hannu zuwa hannu, kowa sai ya gwada.

"Bar murmushi, ya ammi!"

"Dubi nesa, kamar an yi maka mutuwa."

Mujtaba ya sa yatsa cikin ɓular da ke kafaɗar rigar ya ƙara yage ta, sauran suka yi dariya. Da suka gama, Mato ya fito yana rawar jiki.

"To, saura na jallabiya."

"Batir ya mutu. Gobe."

Hoton ya tafi baje koli a Madani, suka kuma ɗora shi a shafin warsha na Fesbuk. A ƙarƙashinsa an rubuta da Larabci: wanda aka manta da shi. Mutanenmu na Jidda suka gani, suka riƙa tura wa juna.

Ranar da Zaharaddini ya kira, Mato yana kwance da zazzaɓi. Talatu ta buɗe muryar waya saboda kunnen tsohon ya yi nauyi, don haka ni ma na ji ta kan katanga.

"Baba, mi na yi maka? Ban aiko maka da tufafi ba? Surukaina na tambayata ko bara kake yi!"

"Yi haƙuri, ɗana. Aikin bai ƙare ba, akwai na biyu."

"Ka tozarta ni gaban duniya. Kada a sake kirana daga gidan nan sai an gyara."

Daga ranar, kullum da hantsi Mato sai ya sa Talatu ta tashe shi, ta sa masa jallabiya, ta naɗa masa rawani, a fitar da angarib gindin dogon yaro a ƙofar gida. Ya zauna ya miƙe baya, hannuwa kan gwiwa, yana duban hanyar nadi. Tari ya zo ya durƙusar da shi, in ya lafa ya sake miƙewa.

Na ce masa, "Mato, bari 'yata Juwairiyya ta ɗauke ka da waya mu aika."

"A'a, Gado. Da waccan kamara anka tuɓe ni gaban jama'a. Da ita za a suturta ni, a sa wurin da anka sa na farko."

Na tafi nadi. Hotonsa na iske manne a bango, ƙato, Ustaz Khalid yana nuna wa ɗalibai yadda hasken safiya ya faɗa kan ƙasusuwan wuyansa.

"Ustaz, tsohon nan yana jiranku, kuma ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. Amma hoton jallabiya kowane studiyo a kasuwa zai yi masa, ya hajj Gado. Ba shi muke koyarwa ba."

"Ku kuka yi alkawari."

Mujtaba ne ya faɗi gaskiyar cikinsu. "Hotona shi ya zo na ɗaya a baje kolin. In munka sa shi cikin farar jallabiya, mutane za su ce na farko ƙarya ne."

"Da mene ne? Wa ya yage rigar? Ubanka da tsohon nan suka haƙa magudanar da kuka tsoma shi ciki, marar kunya."

Wata yarinya ta rufe baki tana dariya. Ustaz ya raka ni ƙofa da ladabi. "Gobe, in sha Allah."

Da na dawo Mato ya tambaye ni, na gaya masa abin da suka ce: gobe. Ya ce a sake goge jallabiyar.

Ranar Alhamis da hantsi Talatu ta fito masa da jabana, gahawarsa ta safe, ta iske ya jingina kai da itacen, rawani ya zame gefe. Ta ɗauka gyangyaɗi yake. Ni na taɓa hannunsa, ni na rufe masa ido.

Kukan mata ne ya kawo Mujtaba. A guje ya zo, da kamara. Na ɗaga sandata, Talatu ta riƙe min hannu.

"Bar shi, Malam Gado. Ko Zaharaddini ya gani."

Ta gyara wa mijinta rawani, ta daidaita wuyan jallabiya, ta koma gefe. Mujtaba ya durƙusa ya ɗauka sau ɗaya. A shafin warsha bai sa ba. Zaharaddini kaɗai ya tura wa, ba tare da ko kalma ba, ya bar mana sauran. Mu kuwa muna ta neman liman da masu haƙa kabari, kowa yana jiran wani ya kira Jidda ya faɗi rasuwar.

Ana cikin wanka saƙon murya ya shigo wayar Talatu. Ta miƙo min, na danna.

"Yauwa, Baba! Yanzu ka fito mutum. Yara sun gani, sun ce kakansu mai kyau ne. Amma mi ya sa ka rufe ido? Ka ce su sake wani."

A bayansa ana jin yara suna ƙyalƙyala dariya. Talatu ta karɓi wayar, ta je gindin dogon yaro inda aka ninke jallabiyar a kan angarib, ta ajiye ta a kai. Jabanar tana nan ƙasa inda ta dire ta, ƙudaje sun taru a bakin finjalin.